Gyaran Ƙananan Raunuka a Jikin Allon Sululu Mai Filafili

GABATARWA

Daga cikin wasannin da mazauna bakin teku suka ƙago a ƙarni na ashirin akwai wani da ake yi da allo da filafili. Mutum yakan tsaya a kan wani dogon allo mai yawo a bisa ruwa, ya riƙe wani babban ƙyalle da aka ɗaura a jikin doguwar sanda, iska ta cika ƙyallen, ta tura shi da allonsa su yi ta sululu. Wannan ƙyalle mai kama iska shi ne filafili, irin wanda jiragen ruwa na dā suke tafiya da shi kafin zuwan inji. Allon ba shi da inji, ba shi kuma da sitiyari. Da karkata sandar gaba ko baya, da kuma nauyin ƙafafunsa, mai wasa yake juya allon inda ya ga dama.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani ɓangare na wasan wanda masu kallo ba su cika lura da shi ba, watau yadda ake gyara allon idan ya sami ƙaramin rauni. Za a fara da taƙaitaccen tarihin wasan, sannan a duba abin da aka ƙera allon da shi, domin wanda bai san cikin abu ba ba zai iya gyara bayansa ba. Daga nan sai a bi matakan gyaran ɗaya bayan ɗaya, tare da dalilin kowane mataki.

TAƘAITACCEN TARIHIN WASAN

Mutane da dama ne suka sa hannu wajen ƙago wannan wasa. A shekarar 1958 wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Peter Chilvers ya haɗa allo da filafili a tsibirin Hayling da ke kudancin Ingila. A 1964 kuma wani Ba'amurke, Newman Darby, ya ƙera nasa a jihar Fensilbaniya. Amma waɗanda suka fito da wasan a siffar da duniya ta san shi su ne Jim Drake, wanda injiniyan jiragen sama ne, da abokinsa Hoyle Schweitzer, mazauna Kalifoniya. Sun nemi rajistar mallakar ƙirarsu a 1968, aka ba su a 1970. Ƙirar tasu tana da wata gaɓa mai juyawa ko'ina da ta haɗa gindin sandar da allon, da kuma mariƙi mai baki biyu da ya kewaye filafilin.

Wasan ya bazu a Turai cikin shekarun 1970, musamman bayan da kamfanin Ten Cate na ƙasar Holan ya fara ƙera allunan. An shigar da shi wasannin Olamfik na 1984 a Los Anjalas, inda Stephan van den Berg na Holan ya ci lambar zinariya. Mata sun sami nasu rukunin a wasannin Basalona na 1992, Barbara Kendall ta ƙasar Niyu Zilan ce ta yi ta ɗaya. Wuraren da suka yi suna da wasan su ne inda iska ba ta cika yankewa ba, kamar tsibirin Mawi a Hawai, da Tarifa a Sifen, da tafkin Garda a Italiya, da Dahab a Masar, da Sawira a Maroko. A irin waɗannan wurare gyaran allo sana'a ce mai zaman kanta, amma ƙaramin rauni yawanci mai allo ne yake gyara abinsa.

ABIN DA AKA ƘERA ALLON DA SHI

Allunan farko an yi su ne da roba mai tauri, dangin wadda ake yin jarka da bokiti da ita, aka cika cikinsu da soso. Suna da ƙarko ƙwarai, sai dai suna da nauyi, domin tsawonsu ya haura mita uku da rabi, nauyinsu kuma ya kai wajen kilo 20. Da masu wasa suka fara neman gudu da tsalle a kan raƙuman ruwa, sai maƙera suka koma neman abin da ba shi da nauyi. Wannan nema shi ne ya haifar da ƙirar da mafi yawan alluna suke da ita tun daga shekarun 1990.

Idan aka yanka irin wannan allo a tsakiya za a tarar da abubuwa hawa-hawa. A can ciki akwai farin soso, irin wanda ake samu a cikin kwalin sabon firji ko rediyo, wanda idan aka murtsuke shi yakan warwatse ya zama ƙananan ƙwayoyi. Kamfanin BASF na Jamus ne ya fara fito da shi a farkon shekarun 1950, kuma kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce zalla. Shi ne yake sa allo ya yi yawo a kan ruwa. A bayansa akwai siririn ƙyalle da aka saƙa da zaren gilashi, aka jiƙa shi da wani ƙaro na masana'anta mai suna ifoksi. A kan wannan akwai wani soso na biyu mai tauri, wanda kaurinsa bai wuce milimita uku zuwa biyar ba, ko kuwa siririn falle na katako. Sannan a sake rufewa da wani ƙyallen na zaren gilashi ko na kabon, a bi da fenti.

Hikimar wannan tsari ita ce, ƙyalle biyu da aka raba da wani abu mai tauri a tsakaninsu sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan a liƙa su wuri ɗaya. Da haka ne allo mai girman lita 100 yake tsayawa a nauyin kilo bakwai ko makamancin haka, ya kuma ɗauki ƙato yana dira a kansa daga sama. Sai dai wannan ƙarfi na ɗaukar nauyi ne wanda ya bazu a kan faɗin allon. Idan abu mai tsini ko mai kaifi ya bugi wuri ɗaya, to, ɓawon yakan fashe kamar na ƙwai.

DALILIN DA YA SA BA A RENA ƘARAMIN RAUNI

Hausawa sukan ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙadangaren allo shi ne ruwa. Ƙwayoyin farin soson nan manne suke da juna, amma akwai 'yan hanyoyi a tsakaninsu, kuma ta nan ruwa yake bi ya yi nisa da inda ya shiga. Abin da ya ƙara muni shi ne allon da kansa yake tsotsar ruwan. Allon da ya sha rana a bakin gaɓa iskar cikinsa ta kumbura, da zarar an jefa shi cikin ruwa mai sanyi sai iskar ta takure, ta jawo ruwa ta kowace kafa da ta samu, ko da ba ta fi bakin allura ba.

Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Allo mai kilo bakwai da ya sha lita ɗaya ya ƙara kashi ɗaya cikin bakwai na nauyinsa, kuma mai wasa zai ji haka a ƙafarsa. Bayan nauyi, ruwan da ya daɗe a ciki yakan raunana haɗin da ke tsakanin soso da ɓawo. Ranar da allon ya sake shan rana sai ruwan ya zama tururi, ya ɗaga ɓawon daga jikin soson. Wurin da ya ɗaga ba ya iya ɗaukar nauyi, kuma a irin wannan wuri ne allo yake karyewa biyu. Idan karyewar ta faru a bakin gaɓa, asara ce ta kuɗi. Idan kuwa ta faru mutum yana can nesa, iska tana kaɗawa daga tudu zuwa teku, to, maganar ta zama ta rai. Saboda haka ƙa'idar farko da masu wasan suke koya wa baƙo ita ce, allon da ya fashe a fito da shi daga ruwa nan take.

IRE-IREN RAUNUKA DA YADDA AKE GANE SU

Ana iya kasa ƙananan raunuka gida huɗu. Na farko shi ne ƙarzuwa, wadda ta tsaya a kan fenti ba ta taɓa ƙyalle ba. Wannan muni ne kawai a ido. Na biyu shi ne lotsawa, inda ɓawon ya shiga ciki amma bai tsage ba, kamar yadda yakan faru a wurin da dugadugai suke taka. Na uku shi ne tsagewa, wadda ta ratsa ɓawon har zuwa soso. Na huɗu shi ne huji, inda wani yanki na ɓawon ya farfashe, soson da ke ƙarƙashinsa ma ya niƙe.

Hancin allo shi ya fi kowane wuri shan wahala. Idan iska ta fizgi mai wasa ta wurga shi gaba, sandar filafili takan faɗo da ƙarfi a kan hancin. Gefuna kuma sukan daki duwatsu, ko ƙofar mota, ko ƙugiyar ƙarfe da mai wasa yake ɗaurawa a ƙugu. Da yawa daga cikin raunukan ma a tudu ake samun su, wajen lodi da saukewa.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na gane ko rauni ya ratsa. Mai allo yakan share wurin, ya kafa baki a kan tsagar ya tsotsa. Idan iska ta biyo, ko ya ji ɗanɗanon gishiri, to, ƙofa a buɗe take. Haka nan ana shafa ruwan sabulu a wurin, a ajiye allon a rana na 'yan mintoci. Idan kumfa ya riƙa tasowa, iskar ciki ce take fita ta nan. Don gane iyakar ɓarnar kuwa, sai a ɗauki kwabo a riƙa ƙwanƙwasa kewayen raunin. Wuri mai lafiya yakan ba da amo mai kaifi, wurin da ɓawo ya rabu da soso kuwa amonsa a dushe yake, kamar na fasasshiyar ƙwarya. Mai lura yakan auna allonsa a sikeli tun yana sabo ya rubuta, domin duk ranar da ya yi zargin ruwa ya shiga sai ya sake aunawa.

KAYAN AIKI

Babban abin da ake buƙata shi ne ƙaron ifoksi. Yakan zo ne a gwangwani biyu, ɗaya ƙaron, ɗaya kuma sinadarin da yake daskarar da shi. Kamfanin Ciba na Suwizalan ya fara sayar da irinsa a 1946 da sunan Araldite, sunan da masu gyare-gyare a kasuwanni da yawa suka sani. Sai dai wanda ake jiƙa ƙyalle da shi ya fi wannan ruwa-ruwa, ya kuma fi jinkirin daskarewa. Sai ƙyallen zaren gilashi, wanda nauyinsa yake tsakanin giram 130 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Sai wani farin gari marar nauyi, wanda ƙananan ƙwayoyin gilashi ne masu iska a ciki, ana kwaɓa shi da ƙaro ya zama ƙullu na cike rami. Sauran kayan su ne samfefa daga mai kaushi, lamba 60 ko 80, zuwa mai laushi, lamba 240 da 400, da reza, da almakashi, da salatif, da leda, da sirinji ko ƙaramin sikeli na awo, da buroshi, da safar hannu, da takunkumin hanci.

Akwai wani kuskure da yake kashe allo cikin minti kaɗan, kuma ya kamata a ambace shi tun kafin a taɓa komai. Ƙaron da aka fi samu a shagunan masu gyaran jiragen ruwa da jikin mota, watau foliyesta, yana ɗauke da sinadarin sitirin, wanda yake narkar da farin soso kamar yadda ruwa yake narkar da gishiri. Wanda ya zuba shi a ƙaramin huji zai wayi gari da kogo. Haka ma fetur da tina da asiton da wasu fentin fesawa, duk ba sa ga maciji da farin soso. Silikon da kakin zuma kuwa, ko da sun toshe ruwa na ɗan lokaci, sukan bar maiƙo wanda zai hana ƙaro kama wurin daga baya.

TAIMAKON GAGGAWA A BAKIN GAƁA

Mutumin da ya yi doguwar tafiya don ya sami iska ba ya son ƙaramar tsaga ta hana shi wasa. Idan an fito da allon da wuri, ruwa bai shiga sosai ba, sai a shanya wurin ya bushe, a ɗan goge shi da samfefa, a toshe da wani ƙullun ifoksi da ake sayarwa a mulmule kamar alli. Ana yanko kaɗan a murza shi da yatsu har launinsa ya zama ɗaya, a danna shi a cikin tsagar, cikin ƙasa da sa'a ɗaya ya yi tauri. Idan babu shi, faffaɗan salatif mai hana ruwa yakan yi maganin yini ɗaya. Amma duk wannan ɗaurin wucin gadi ne. Ƙullun ba ya tanƙwaruwa tare da allon, a hankali gefensa yakan saki. Idan an koma gida dole ne a ɓamɓare shi a yi gyara na sosai.

MATAKAN GYARA NA SOSAI

Mataki na farko shi ne busarwa, kuma shi ne wanda ya fi cin haƙuri. Ana wanke wurin da ruwan daɗi don a kawar da gishiri, domin gishiri yana jawo laima. Sannan a buɗe raunin da reza, a kwance sukurun numfashi da ke saman allon, a jingine shi yadda raunin zai kasance a ƙasa, a wuri mai ɗumi da iska. Wasu sukan cusa lagwani ko nannaɗaɗɗiyar takarda a cikin hujin don ta riƙa tsotso ruwan. Busarwa tana iya ɗaukar kwana biyu, tana iya ɗaukar makonni, gwargwadon ruwan da ya shiga. Ana gane ya bushe idan takardar ta kwana ba ta jiƙe ba, sikeli kuma ya daina nuna raguwa. Wanda ya rufe rauni a kan ruwa ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Mataki na biyu shi ne yanke abin da ya lalace. A nan sabon mai gyara yakan ji tsoro, domin yana ganin ramin yana ƙara girma a hannunsa. Amma duk wani ɓawo da ya farfashe ko ya rabu da soso ba shi da sauran amfani, kuma idan aka bar shi sabon aikin zai zauna ne a kan tushe marar ƙarfi. Bayan an yanke, sai a goge kewayen ramin da samfefa mai kaushi, faɗin yatsu biyu ko uku ta kowane gefe, a cire fenti har ƙyalle ya bayyana, a kuma yi wa bakin ramin gangare. Dalili biyu ne. Ƙaro ba ya kama wuri mai santsi, yana buƙatar kaushi. Gangaren kuma yana ba sabon ƙyalle wurin kwanciya ba tare da ya yi tudu ba. Daga nan sai a kewaye wurin da salatif don kada ƙaro ya ɓata sauran allon.

Mataki na uku shi ne cike rami. Idan ramin ƙarami ne, bai fi kan yatsa ba, sai a kwaɓa ƙaro da farin garin nan har ya yi kaurin man gyaɗa, a cika shi. Idan kuwa babba ne, sai a yanko guntun farin soso daidai girmansa, a shafa masa ƙullun a danna shi a ciki. Ba a cika babban rami da tsagwaron ƙaro. Ifoksi yana fitar da zafi a lokacin da yake daskarewa, kuma gwargwadon yawansa a wuri ɗaya gwargwadon zafin. Rabin kofi da aka bari a tattare yana iya yin zafin da zai yi hayaƙi, alhali farin soso yakan fara narkewa tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba. Bugu da ƙari, curin ƙaro mai tauri a tsakiyar soso mai laushi tamkar dutse ne a cikin katifa: duk lokacin da allon ya tanƙwara, a gefen curin ne sabuwar tsaga za ta fito.

Awon ƙaro da sinadarinsa abu ne da ba a yin sa da ido. Wani kamfanin yakan ce kashi biyu da ɗaya, wani kashi biyar da ɗaya, kuma abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi za a bi. Waɗanda suka saba da foliyesta sun san cewa ƙarin sinadari yana sa ya daskare da sauri, sai su zaci haka abin yake a nan. Ba haka ba ne. A ifoksi kowane ɓangare yana neman abokin haɗinsa ne daga ɗaya ɓangaren, duk abin da ya yi rara zai zauna a haka, ya bar aikin da danƙo har abada. Ana juya haɗin sosai na kamar minti biyu, ana kankare gefen kofin da gindinsa.

Mataki na huɗu shi ne mayar da ɓawo. Idan cikon ya daskare sai a goge shi ya ɗan yi ƙasa da saman allon. Inda aka yanke soso mai taurin nan na tsakiya da faɗi, ya kamata a mayar da irinsa, da ƙyalle a ƙarƙashi da kuma a sama, yadda ginin zai koma kamar na asali. A ƙaramin rauni kuwa, falle biyu ko uku na ƙyallen gilashi sun isa. Ana yanka su girma daban-daban, kowane ya ɗara ɗan'uwansa da kamar santimita ɗaya ta ko'ina, domin kada bakunansu su haɗu a layi ɗaya su zama wurin karyewa. Ana shafa ƙaro a wurin, a shimfiɗa falle, a riƙa danna shi da buroshi. Busasshen ƙyallen gilashi fari ne, idan ya sha ƙaro sai ya zama garau ana hango abin da ke ƙasa. Duk inda ya rage fari, ko dai bai jiƙa ba ko kuwa iska ta maƙale. Ƙarfin gyaran yana cikin zaren ne, ƙaro aikinsa riƙe zaren kawai, saboda haka yawansa nauyi yake ƙarawa, ba ya ƙara ƙarfi. A ƙarshe sai a rufe da leda, a ja ta da salatif ta yi tsam, a ɗora jakar yashi a kai. Wannan yana matse fallayen wuri ɗaya, ya fitar da rarar ƙaro, ya kuma rage aikin guga.

Lokacin da ake yin wannan mataki yana da muhimmanci. Da safe, yayin da zafi yake ƙaruwa, iskar cikin allon tana kumbura tana neman hanyar fita, kuma za ta bi ta cikin ɗanyen ƙaron ta bar 'yan ƙananan kafofi waɗanda ruwa zai bi daga baya. Da yamma kuwa, yayin da gari yake hucewa, iskar tana takurewa, ta jawo ƙaron ciki ya ƙara kamawa. Don haka ƙwararru sukan yi wannan aiki ne bayan la'asar, a inuwa, sukurun numfashi a kwance. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, yawancin ifoksi ba ya daskarewa yadda ya kamata, shi ya sa masu gyara a Turai suke ɗumama ɗakin aiki da hunturu.

Mataki na biyar shi ne gyara fuska. Bayan kamar sa'a 24 sai a cire ledar. Wani ifoksin yakan fitar da wani maiƙo-maiƙo a samansa, wanda ake wankewa da ruwa da soson wanka kafin a ci gaba. Sai a goge da samfefa da aka naɗa a jikin guntun katako, domin yatsu kaɗai sukan bar kwari da tudu. A kula kada a cinye ƙyallen da aka sha wahalar shimfiɗawa. Inda ya rage kwari sai a shafa siririn ƙullu, a bari ya bushe, a sake gogewa daga lamba 120 zuwa 240 zuwa 400 da ruwa. Tafin hannu ya fi ido gane rashin daidaito. Fenti kuma ba don ado kaɗai ake yin sa ba, domin hasken rana yana sa ifoksi ya yi rawaya ya raunana. Idan raunin yana wurin da ƙafa take taka ne, sai a mayar masa da kaushinsa: a shafa siririn ƙaro, a barbaɗa sukari a kai, idan ya daskare a wanke da ruwa. Sukarin zai narke ya bar ƙananan ramuka masu riƙe tafin ƙafa. Kafin a koma ruwa sai a sake gwajin sabulu, a ɗaure sukurun numfashi. Ƙaron yakan ɗauki kusan mako guda kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

Ga mai tsohon allon roba kuwa, hanyar daban ce. Gam ba ya kama irin wannan roba. Ana narkar da bakin tsagar ne da ƙarfe mai zafi ko iska mai zafi, a cike da guntun roba irin tata, daidai yadda masu liƙin bokiti da jarka suke yi a kasuwa.

TSARON LAFIYA DA IYAKAR MAI GYARA

Ɗanyen ifoksi yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa yakan zauna da wannan matsala tsawon rai. Saboda haka ba a taɓa shi sai da safar hannu, idan kuma ya taɓa fata da sabulu da ruwa ake wankewa, ba da tina ba. Ƙurar zaren gilashi da ta kabon tana cutar da huhu, dole a sa takunkumi a lokacin guga, a kuma yi aikin a wuri mai iska.

Akwai raunukan da suka fi ƙarfin mai gyaran gida. Idan tsaga ta kewaye gurbin da sandar filafili take zama, ko gurbin fiffiken da ke ƙarƙashin allon, ko kuwa ta ratsa allon daga gefe zuwa gefe, ko saman allon ya yi laushi da faɗin da ya wuce tafin hannu biyu, to, a kai wa ƙwararre. Waɗannan wurare su ne suke ɗaukar nauyin wasan duka, kuma gyaransu yana buƙatar injin da yake zuƙe iska ya matse ɓawo a jikin soso.

RIGAKAFI

Yawancin ɓarna ana iya kauce mata. Jaka mai soso tana kare allo a mota da a jirgi. Matashin roba da ake liƙawa a hanci yana rage dukan sanda. Mafi muhimmanci kuma shi ne sukurun numfashi. Idan iskar da take kulle a cikin allo ta tashi daga digiri 20 zuwa 60, abin da yake faruwa a cikin motar da aka rufe a rana, matsinta yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. A lissafi wannan ya kai wajen kilo 1,400 yana tura kowace murabba'in mita ta ɓawon daga ciki. Don haka ake kwance sukurun idan an fito daga ruwa ko za a hau jirgin sama, a kuma ɗaure shi kafin a shiga. Wanda ya manta bai ɗaure ba ya buɗe wa ruwa ƙofa da hannunsa.

KAMMALAWA

An ga cewa allon sululu farin soso ne da aka sa wa siririn ɓawo mai ƙarfi, kuma rayuwarsa duka ta dogara ne a kan kada ruwa ya ƙetare wannan ɓawo. Gyaran ƙaramin rauni ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Abin da yake buƙata shi ne bin tsari: a fito da allo daga ruwa da wuri, a busar da shi sarai, a yanke abin da ya mutu, a yi amfani da ifoksi a bisa awonsa, a mayar da ƙyalle, sannan a rufe da fenti. Yawancin gyaran da yake lalacewa gaggawa ce take lalata shi, ko a wajen busarwa ko a wajen awo, kuma dama an ce sauri ya haifi nawa. Kamar yadda gyartai yake ɗinke ƙwarya tun tsagarta ba ta kai gindi ba, haka mai allo yake tare rauni tun yana ƙarami, allon da ya kamata ya mutu a shekara biyu ya yi masa shekara goma yana aiki.